Haɗarin hanya a ƙasar Gure: aikin ƙaramar hukuma da namu

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, akwai cututtukan da muka san lokacinsu. Zazzaɓin cizon sauro yana zuwa da damina. Sanƙarau yana zuwa da zafin bazara. Mura da tari suna zuwa da hunturu. Amma akwai wata annoba da ba ta da lokaci, ba ta kuma da allurar rigakafi. Ita ce haɗarin hanya. Ta fi ɗaukar masu jini a jika: saurayin da ke riƙe da gonar gida, matar da ke kai kaya kasuwa, yaron da ke kora awaki. Idan ta karya ƙafar magidanci a farkon damina, noman bana ya tafi. Sau da yawa sai an sayar da akuya ko rago kafin a biya kuɗin magani.

Mutane da dama suna cewa gyaran wannan al'amari sai gwamnatin Yamai. Gaskiya ne babbar hanya ta gwamnatin ƙasa ce. Amma abubuwa da yawa da ke jawo haɗari a garuruwanmu a bakin hanya suke faruwa. Bakin hanya kuwa yana hannun ƙaramar hukuma da mutanen gari. Shi ya sa ya kamata kowa ya san abin da ma'aikatar magajin gari za ta iya yi, ya kuma san yadda zai neme shi.

Hanyar da ta ratsa ƙasarmu

Babbar hanya mai lamba 1, wadda ake kira Hanyar Haɗin Kai, ita ce jijiyar ƙasar Nijar. Ta bi ta Yamai, Doso, Maraɗi da Damagaram. Daga Damagaram ta bi ta Mirriya, Gidimuni da Gidigir, ta iso Gure bayan tafiyar sama da kilomita 150. Daga Gure ta wuce Gudumariya, Maine-Sorowa da Difa, har N'Gigmi kusa da tafkin Cadi. Ƙasar Kanada ce ta taimaka aka shimfiɗa ɓangaren Gure zuwa N'Gigmi a shekarun 1970.

Wannan hanya alheri ce babba. Ta kanta ake fitar da dabbobinmu, da kanwa, da dabino, da kayan lambu na kwaruruka. Ta kanta tattasan Difa da bandar kifi ke wucewa zuwa yamma. Ta kanta ake kai maras lafiya asibiti. Motocin fasinja da manyan motocin kaya suna binta dare da rana. Tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ kusa da Damagaram a 2011, daga can tankokin mai ke ɗauko kaya su rarraba cikin ƙasa.

Amma hanya ɗaya ce, masu binta kuwa iri-iri ne. Direban babbar mota yana ganin hanyar tafiya mai nisa. Mutumin gari yana ganin hanyar zuwa rijiya, ko makaranta, ko gona. Amalanken jaki da motar da ke gudun kilomita 100 a awa suna taka kwalta guda. A nan ake samun karo.

Girman matsalar

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a 2023. Ta ce haɗarin hanya yana kashe wajen mutum miliyan ɗaya da dubu 190 kowace shekara a duniya. Shi ne ya fi komai kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. Fiye da rabin waɗanda ke mutuwa ba sa cikin mota. Masu tafiya a ƙasa ne, da masu keke, da masu babur.

Nahiyarmu ce ta fi shan wahala. Cikin motoci 100 na duniya, 3 kawai ke yankin Afirka na hukumar. Amma cikin mutum 5 da haɗarin hanya ya kashe a duniya, kusan ɗaya daga wannan yanki yake. Ke nan yawan motoci bai isa ya bayyana yawan mutuwa ba. Rashin tsari ne, da gudu, da jinkirin kai agaji. Don haka Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wa ƙasashe buri: tsakanin 2021 da 2030 a rage mutuwa da raunuka a hanya da rabi.

Wane ne ke da alhakin me?

Shimfiɗa babbar hanya da gyaranta aikin gwamnatin ƙasa ne. Dokar hanya ta 2014 ita ce ta tsara yadda ake tuƙi a duk faɗin Nijar. Akwai kuma hukumar ƙasa mai kula da kiyaye haɗurran hanya, wadda ake kira ANISER. Jandarmomi da ƴan sanda ne ke tsayar da masu karya doka.

Gundumar Gure tana da ƙananan hukumomi 6: Gure, Gidigir, Bune, Kelle, Gamu da Alakos. An yi zaɓen kansiloli a Nijar ranar 24 ga Yuli 2004. An sake zaɓe a 2011, da kuma Disamba 2020. A watan Afrilu 2024 gwamnati ta rusa majalisun ƙananan hukumomi, ta naɗa jami'an riƙo a madadin magadan gari. Shugabanni sun sake, amma ma'aikatar tana nan, aikinta kuma yana nan.

Dokar ƙananan hukumomi ta 2010 ta ɗora wa shugaban ƙaramar hukuma kula da zaman lafiya, tsaro da tsabta a cikin gari. Tsarin kasuwa, tsarin tasha, titunan cikin gari, da kama dabbobin da aka saki, duk suna cikin wannan aiki. Abin da ya shafi jikin babbar kwalta, kamar kafa allo ko gina tudun rage gudu, sai ta nemi yardar ma'aikatar ayyukan hanya. Amma ita ce bakin jama'a wurin neman.

Ga wurare 6 da ƙaramar hukuma za ta iya ceton rayuka.

1. Kasuwa

Ranar kasuwa ita ce ranar da ta fi haɗari a garin da kwalta ta ratsa. Kowa ya san yadda kasuwannin dabbobi kamar na Subdu da Gidigir ke cika. Masu tebur suna matsowa bakin kwalta don a gan su. Manyan motoci suna tsayawa a kan hanya ana lodin shanu. Yara masu talla suna rugawa wurin kowace motar da ta tsaya, ba sa duba wadda ke tafe.

Ƙaramar hukuma ce ke raba rumfuna, ita ce ke karɓar kuɗin kasuwa. Tana iya ja da rumfuna baya daga kwalta. Tana iya ware fili na lodi da sauke kaya. Tana iya sa ma'aikatanta su tsaya a mashigar kasuwa tun safe. Wannan aiki bai buƙatar kuɗi mai yawa. Abin da yake buƙata shi ne a zauna da sarkin kasuwa, da dillalai, da mata masu sayar da abinci, a yi shawara, sannan a yi adalci wurin rabon sabon wuri.

2. Gudu a cikin gari

Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin wajen mita 28 cikin daƙiƙa ɗaya. Wannan ya kai taki 35 na babban mutum. Kafin direba ya ga yaro ya taka birki, ya riga ya ci wannan tazara. Idan gudu ya ninka sau 2, tazarar da mota ke ci bayan an taka birki tana ninkawa sau 4. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan gudu ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65, haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa da aka buge yana ninkawa fiye da sau 4. Shi ya sa masana suka ba da shawarar kada a wuce kilomita 30 a awa inda mutane da motoci ke cakuɗa.

Ƙaramar hukuma tana iya neman a kafa alluna a mashigar gari, da gaban makaranta, da gaban gidan likita. Tana iya neman a gina tudun rage gudu. Amma a kula: tudun da mutanen gari suka gina da kansu cikin fushi, ba fenti ba allo, shi ma tarko ne. Yana kayar da mai babur da dare. Tudu mai kyau yana da faɗi, ba shi da tsini, an shafa masa farin fenti, kuma akwai allon gargaɗi kafin a kai gare shi.

Makarantar da ƙofarta ke kallon kwalta, ana iya mayar da ƙofar wani gefe. Ana iya sa babban mutum ya riƙa ƙetarar da yara safe da rana.

3. Tasha da ƴan kabu-kabu

A tasha ake fara haɗari, tun kafin mota ta tashi. Motar da aka yi wa lodi fiye da kima ba ta tsayawa da wuri, tayarta kuma tana saurin fashewa a zafin bazara. Fasinjan da ya hau saman kaya, ba abin da zai tare shi idan mota ta karkata. Ƙaramar hukuma da ƙungiyar direbobi suna iya yin yarjejeniya: motar da lodinta ya wuce ƙa'ida ba za ta fita daga tasha ba.

Haka ma ƴan kabu-kabu. Ana iya rubuta sunayensu, a ba kowa lamba da riga, a shirya musu horo tare da jandarmomi. Babban abin da za a koya musu shi ne hular kwano. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hula mai kyau, wadda aka ɗaure igiyarta, tana rage haɗarin mutuwa fiye da sau 6. Rawani yana kare kai daga rana da ƙura, amma ba ya kare shi daga kwalta. Hukumar ta kuma ce mai tuƙi yana waya ya fi sauran shiga haɗari wajen sau 4.

4. Amalanke da shanya

Amalanke shi ne motar manomi. Amma ba shi da fitila. Wanda ya dawo daga gona ko kasuwa bayan magariba, direba ba ya ganinsa sai ya zo dab da shi. Maganin wannan ba shi da tsada. A liƙa jan ƙyalle ko leda mai ƙyalli a bayan amalanke, irin wanda ke haskawa idan fitilar mota ta doke shi. Ƙaramar hukuma tana iya sayo shi da yawa, ta raba ko ta sayar da araha. Mai amalanke ya riƙe tocila, ya bi gefen dama, kada ya bar ƙaramin yaro shi kaɗai da jaki a kan kwalta.

Da kaka wasu suna shanya wake ko barkono a bakin kwalta, su tare da duwatsu. Idan aka kwashe shanya, duwatsun suna nan. Mai gari da ƙaramar hukuma su nuna wa mutane filin shanya nesa da hanya.

5. Dabbobi da burtali

Ƙasar Gure ƙasar kiwo ce. Garke dole ya ƙetare kwalta don zuwa rijiya ko makiyaya. Raƙumin da ya tsaya a hanya da dare yana iya hallaka mota guda da mutanenta. Mai dabba ya yi asara, matafiya su yi asarar rai.

Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye, waɗanda ake kira Kofo, har zuwa matakin ƙaramar hukuma da ƙauye. Dokar kiwo ta 2010 ta ƙara kare burtali. Idan manomi ya cinye burtali, makiyayi ba shi da inda zai bi sai kwalta. Saboda haka kare burtali yana cikin kare matafiya. Kofo tana iya sa alama a iyakokin burtali. Inda burtali ya gitta kwalta, a nemi allo mai hoton dabba. Makiyayi ya ƙetarar da garke da rana, a wurin da ake hangen nesa, mutum ɗaya a gaba ɗaya a baya. A cikin gari kuwa, hukuma tana da ikon kama dabbar da aka saki, ta tsare ta sai mai ita ya biya tara.

6. Rairayi

Wannan matsala tamu ce ta musamman. A ƙasar Gure da Maine-Sorowa iska tana tura tudun rairayi, yana binne gonaki da kwaruruka. Yana kuma hawa kwalta. Babur ya shiga rairayi da gudu sai ya zame. Mota ta kauce masa sai ta shiga hannun mai zuwa.

Mutanenmu sun san maganinsa, domin an daɗe ana aikin tsayar da rairayi a kwaruruka. Ana kafa shinge da rassan kalimbo ko na goruba, a gitta wa iska. A cikin shingen ana dasa itatuwa kamar ɗakwara, a watsa irin ciyawa, a hana dabbobi shiga har wurin ya kama. Ƙaramar hukuma tana iya sa tudun da ke kusa da hanya cikin wuraren da za a fara yi wa aiki. Riba biyu ke nan: hanya ta kuɓuta, makiyaya ta dawo.

Ina kuɗin zai fito?

Ƙaramar hukuma tana samun kuɗi daga harajin da muke biya, da kuɗin kasuwa, da kuɗin tasha. Tana samun tallafi daga gwamnati ta hannun hukumar ANFICT, da kuma daga ƙungiyoyin raya ƙasa. Kowace ƙaramar hukuma tana rubuta tsarin raya ƙasarta na shekaru masu zuwa, wanda ake kira PDC, sannan tana yin kasafin kuɗi kowace shekara. Aikin da bai shiga waɗannan takardu ba, da wuya a yi shi.

Kuɗin kaɗan ne, buƙatu kuwa suna da yawa: rijiya, aji, gidan likita. Idan ba wanda ya yi maganar hanya, za a bar ta a baya. Wanda ya biya kuɗin kasuwa ya karɓi takardar shaida. Ita ce ke sa kuɗin ya shiga asusun hukuma. Ita ce kuma ke ba shi bakin tambayar abin da aka yi da shi.

Yadda za a kai kuka

Kukan baki yana bin iska. Kukan da aka rubuta yana zama a kan tebur. Ga yadda gari zai yi:

A samu littafi guda, a ba wanda ya iya rubutu. Duk haɗarin da ya auku, a rubuta ranar, da lokacin, da wurin, da abin da ya jawo shi. A rubuta har wanda ba a mutu ba, har wanda dabba kawai aka buge.

Bayan wata 3 ko 6, a zauna gaban mai gari a karanta. Za a ga wuri ɗaya ko biyu suna ta dawowa. Nan ne wurin da ke neman gyara.

A rubuta takarda gajera. A nemi abu guda da za a iya yi, kamar allo, ko tudu, ko mayar da rumfuna baya. Mai gari, da shugaban makaranta, da ƙungiyar mata, da ƙungiyar makiyaya su sa hannu.

A kai ma'aikatar magajin gari kafin a tsara kasafin sabuwar shekara. A ajiye kwafi. A koma a tambaya. Idan an yi shiru, a sake komawa.

Idan haɗari ya auku

Duk da rigakafi, wata rana za a yi haɗari. Abin da mutanen farko suka yi yana iya ceton rai.

A fara tsare wurin. A sa rassa ko a tsayar da mutum nesa, gaba da baya, don kada wata mota ta afka. Bayan an gama a kwashe rassan.

A kira jandarmomi da gidan likita mafi kusa. Lambar ƴan sanda 17 ce, ta ƴan kwana-kwana 18. Kowane gari ya rubuta lambar ma'aikacin lafiyarsa da ta motar ɗaukar marasa lafiya a wurin da kowa zai gani.

Inda jini ke zuba, a danne da ƙyalle mai tsabta, a riƙe da ƙarfi. Kada a zuba ƙasa, ko toka, ko man mota a rauni.

Kada a ba wanda ya ji ciwo ruwa ko abinci, ko da ya roƙa. Wataƙila za a yi masa aiki a asibiti.

Wanda ke kukan wuya ko baya, kada a ja shi, kada a naɗe shi. Idan dole a ɗaga shi, mutum 3 ko 4 su ɗaga tare, kai da wuya da baya a miƙe, a ɗora shi kan ƙofa ko katako.

Wanda ya suma amma yana numfashi, a juya shi a hankali ya kwanta a gefe, don kada amai ya shaƙe shi.

Karayar da ƙashi ya fito waje ta asibiti ce. Akwai asibitin gunduma a Gure, akwai babban asibitin ƙasa a Damagaram. Ɗaurin da ya matse ƙwarai yana tsayar da jini, har a kai ga yanke hannu ko ƙafa.

Idan tankar mai ta faɗi, a gudu nesa, a kori yara. Kada a je ɗibar mai, kada a kunna ashana ko babur kusa. A watan Mayu 2019 wata tanka ta fashe kusa da filin jirgin saman Yamai, sama da mutum 50 suka mutu. A watan Oktoba 2024 haka ta faru a garin Majiya na jihar Jigawa a Najeriya, sama da mutum 150 suka rasu. A wuraren biyu, da yawa daga cikin mamatan ɗibar mai suka je.

Jama'a, rai da ajali suna hannun Allah, amma an umarce mu da mu ɗaure raƙuminmu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gwamnati ta shimfiɗa kwalta, ƙaramar hukuma tana da ikon tsara bakinta, mu kuma mu ne muka san inda ake faɗuwa. Ranar Lahadi ta uku a cikin kowane watan Nuwamba duniya tana tunawa da waɗanda haɗarin hanya ya kashe. Kafin ranar ta zagayo, kowane gari na bakin hanya ya buɗe littafinsa, ya kai takardarsa.

Tambayoyi don tattaunawa

1. A garinku, wane wuri ne aka fi yin haɗari? Me ya sa?
2. Amalanke nawa ne a garinku ke da abu mai ƙyalli a baya?
3. Ina burtalinku ya gitta kwalta? Akwai allo a wurin?
4. Wa zai riƙe littafin haɗari, wa kuma zai kai takarda ma'aikatar magajin gari?